Mashin Korau da Hagun Nomau

Labarin nan ban ɗauko shi daga bakin kowa ba, a jikina yake. Wanda bai yarda ba ya zo rumfar mahauta ta Tungar Rini ranar kasuwa, ya ƙwanƙwasa hannuna na dama. Zai ji irin ƙarar da ƙofa ke yi.

Sunana Korau. Fawa muka gada, dambe kuma a jininmu yake. Shekara tara na yi ina shiga dandali ba a taɓa kai ni ƙasa ba. Hannuna na dama, wanda ake naɗe wa kara da zare, shi muke kira mashi, kuma nawa har waƙa makaɗa suka yi masa. Na hagu garkuwa ce kawai, a miƙa shi gaba a tare, ba a tambayarsa komai. Ƙanena Nomau kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ko kallon dambe bai dame shi ba. Yana tsugune bayan rumfa yana fiɗa tun safe har azahar. Bahago aka haife shi, ni kuma aka ɗora wa gyaransa muna yara. Duk sanda ya kai hagu cikin akushi sai in sauke masa ludayi a kan yatsu. Na yi aikin tsakani da Allah, har da ƙari.

Wata kaka, bayan an gama girbi, wani dogon ɗan dambe daga hayin gulbi mai suna Gwaska ya kashe ni a turmi na biyu. Kisa a wurinmu shi ne gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, to nawa duka suka taɓa, har da haɓa. Washegari da hantsi na tafi bakin gulbi don kada in ga idon mutane. Nomau ya biyo ni da ƙwaryar fura.

Muna nan zaune sai ga wani jan jirgin ruwa yana hawowa gulbi, ruwa na gangara shi yana haurawa, ba matuƙi, ba mai sanda. Daga cikinsa ana jin ganga da kuge, amma ba a ganin makaɗi. A goshin jirgin wata ƙaramar tsohuwa ce tsaye da baƙar riga mai dogon hannu. Da na dubi ƙasan rigar sai na ga ƙafafun gauraka.

Nomau ya yi salati, ya kama rigata. Tsohuwar ta ce, “Aminci gare ka, ya kai ma'abucin hannu ɗaya.”

Na ce, “Hannuna biyu ne, Iya.”

Ta ce, “Ɗaya nake gani. Ni ce Sifu Yuklan, mai koyar da kunfu, wato faɗan hannu da ƙafa irin na kudancin ƙasar Sin, a birnin da ke bayan dajin gora. Ina da tsari mai motsi ɗari da takwas. Duk zuwa, almajiri ɗaya nake ɗaura wa jar ɗamara, wanda ya ɗaura ta kuwa babu ɗan Adam da zai sake kai gwiwarsa ƙasa. Sai dai ba na koyar da mutum shi kaɗai, domin rabin tsarin na mutum biyu ne.”

Ban ko waiwaya na tambayi Nomau ba. Na ce, “Ga ƙanena, zai riƙe mini wuri.”

Ta ce, “To ku ji sharaɗi, ku ji shi da kyau. Ba na karɓar zinariya ko azurfa. Amma duk hannun da ya fita daga tsari da gangan ya kai wa abokin aikinsa duka, ya zama namu, shi da abin da ke biye da shi. Kun yarda?”

Na ce na yarda. Nomau ya dube ni, ya dubi furar, ya ce, “Yaya, ko Inna ba mu faɗa wa ba.” Na ja shi muka shiga.

Jirgin nan ba wurin zama a cikinsa, sai tsayuwa. Ya juya da mu, gulbi ya shige ƙarƙashin wani dutse, muka fito a wani ruwa mai kala biyu, rabi kore rabi baƙi, inda kifaye masu girman rumbu suke bin mu suna tari kamar tsofaffi. Muka wuce wani tsibiri da tsuntsayensa ke jifa da duwatsu. Muka shiga wata mashiga inda igiyar ruwa ke ɗaga jirgi sama ta sake shi. Na gyara tsayuwa irin tamu ta dambe, ƙafa ɗaya gaba, jiki ya koma baya, sai ga ni warwas. Sau goma sha ɗaya na faɗi, na ƙirga. Nomau kuwa ya buɗe ƙafafu ya ɗan tsuguna kamar yana gaban akuyar da zai feɗe, ko gezau bai yi ba, ƙwaryar fura tana hannunsa.

Sifu ta ce, “A kan irin wannan jirgi aka haifi ilminmu. Inda babu filin tsalle, ƙafa ta kafu, hannu ya gajarta. Wane ne ya koya maka zaman doki, ya kai mai ƙwarya?”

Nomau ya ce, “Ranki ya daɗe, ban taɓa hawa doki ba.”

Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Nan ne na fara jin wani abu ya tokare mini ƙirji, amma na ce yunwa ce.

Kwana bakwai muka yi a lissafina, amma da muka sauka gemun Nomau ya kai tsawon yatsa. Muka ratsa dajin gora, gorori na gwabza juna ba tare da iska ba, har muka iso ƙofar birni. A bakinta wani zaki ne kwance, kansa na alharini ja da rawaya, da madubi a goshi da ƙaho ɗaya, idanunsa kamar faifai suna ƙiftawa. Ya miƙe ya ce, da murya irin ta ganga, “Baƙi, ku yi gaisuwa a san da me kuka zo.”

To ni ɗan dambe, gaisuwata ta girmamawa guda ce. Na dunƙule mashina na ɗaga sama, na yi masa jinjina irin wadda nake yi wa sarkin fawa. Ashe a can, ka nuna dunƙulen hannu tsirara, ka ce a zo a yi ke nan. Zakin ya yi ruri, ya yi tsalle ya rufe mana rana. Ban san sanda Nomau ya jefar da ƙwarya ba. Ya jawo hannuna ƙasa, ya kifa tafinsa na hagu a kan dunƙulen, ya rufe shi. Zakin ya tsaya cak a iska, ya sauko a hankali, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ƙarfi a rufe da ladabi. Ku shiga lafiya.”

Na fizge hannuna na ce wa Nomau, “Wa ya sa ka? Da ka bari ka ga yadda ake kashe zaki.” Ya ce, “Yi haƙuri, Yaya. Na ga haka Sifu ta gaishe shi ne.” Wato shi yana kallo, ni ina hura hanci.

Gidan Sifu yana kan ruwa, a kan turaku. A tsakiyarsa akwai wani dogon zaure cike da mutanen itace, kowanne gungume ne a tsaye da hannuwa uku da ƙafa ɗaya. Waɗansu hannuwan har da farce da jijiya. Ban tambaya ba.

Aka fara da zaman doki. Ka buɗe ƙafa ka sauko kamar kana kan sirdi, alhali babu komai a ƙarƙashinka sai wahala, ka tsaya haka har tsinken turare ya cinye. Ni kafin ya kai rabi cinyoyina sun fara kaɗa kalangu. Nomau yakan cinye tsinke uku, har gyangyaɗi yake yi a haka. Daga nan aka koma gwabza damatsa, mu tsaya fuska da fuska muna haɗa tsintsiyar hannu, sama, ƙasa, sama, har su yi tauri. Sifu ta ce sunan wannan gada, domin ta nan kake jin nufin abokin karawarka kafin ya iso.

Sai malamai suka fara zuwa. Wata damisa mai zane ta sauko daga dutse ta koya mana kamu da yaga, a nan kam na yi fice, har ta lashi goshina. Maciji ya fito daga rijiya ya koya mana sulɓewa da sara da yatsu. Gauraka fara ta sauko daga gajimare ta koya mana tsayuwa da ƙafa ɗaya da kaɗe duka da fiffike. Matsalar guda ce. Duk motsin da aka yi ta dama, sai an maimaita shi ta hagu, daidai wa daida. Ni kuwa haguna ba ta san komai ba sai miƙewa gaba kamar mai roƙon a dakata. In na ce mata ta yi sara sai ta yi kamar tana korar ƙuda.

Wata uku, Nomau ya kai motsi na saba'in, ni ina na ashirin da biyu. Sifu ta ware ni gefe ta ba ni tulu cike da yashi, in riƙa ɗagawa da yatsun hagu daga safe zuwa la'asar. Ina nan ina fama da tulu, ina kallon ƙanena, mai wankin tumbi, yana shawagi tsakanin mutanen itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas, gauraka na kaɗa masa kai. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ne ya kama ni, irin wanda ke hana abinci wucewa. In ya yi kyau sai in ji kamar an mare ni. In ya yi kuskure, abin da ba ya wuce sau ɗaya a mako, ranar har ƙarin shinkafa nake yi.

Abin haushin, shi bai ma san yana yi ba. Da an tashi sai ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, “Yaya, kawo in matsa maka hannun.” In ce, “Matsa wa kanka.” Ya ce, “Na ashirin da ukun nan, in ka sauke kafaɗa kaɗan...” In ce, “Kai Nomau, yaushe aka haife ka? Ni na goya ka fa.” Sai ya tafi ya ɗebo mini ruwa. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Ran nan na kasa daurewa, na tari Sifu a gaban kowa. Na ce, “Ranki ya daɗe, ni ne ɗan dambe, ni kika zo ɗauka. Wannan rakiya ya yi. Me ya sa kike fifita shi?”

Ta ce, “Ya kai Korau, ban fifita kowa ba. Kai ka zo da hannu ɗaya mai ƙarfin goma. Shi ya zo da biyu, kowanne a farke. Na ga 'yan Adam da yawa, ban cika ganin haka ba.” Ta juya ga Nomau. “Hagu dai da ita aka haife ka. Wane malami ne ya tashi damarka?”

Nomau ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, “Yaya ne. Da ludayi.”

Damisa ta yi dariya, maciji ya yi, har mutanen itace sai da suka girgiza. Ni kuwa na ji duniya ta yi mini zafi. Wato duk dukan da na sha yi masa, makami nake ƙera masa, ni na zauna da hannu guda kamar moɗa. Tun ranar na daina yi masa magana.

Amma na dage da tulu, don ba na son a ce ya kai ban kai ba. Da ƙyar da jiɓin goshi, cikin wata goma sha ɗaya, na haɗa ɗari da takwas ɗin, hagu na bin dama tana ɗingishi. Sifu ta sa ranar gwaji. Za mu yi tsarin mutum biyu a kan jan jirgi, a tsakiyar mashigar nan mai igiyar ruwa, ni damisa, shi gauraka, daga farko har ƙarshe. A tsarin nan kowane duka an san inda zai sauka, kowace kariya an san lokacinta. Kana buɗe jikinka ne saboda ka san abin da ɗan'uwanka zai yi.

Na san wanda za a ɗaura wa ɗamara, ko makaho ya sani. Na riƙa hango mu mun koma Tungar Rini, makaɗa sun bar ni sun bi Nomau, yara na cewa ga yayan gwani can. Sai wani tunani ya zo mini, irin na ɗan dambe. Na ce a raina, duk duniya wanda ya rage a tsaye shi ne gwani. In gwiwar Nomau ta taɓa katako a gaban Sifu, da wane baki za ta ce shi ne wanda ba a kai wa ƙasa? Sharaɗin hannu kuwa na ce barazana ce irin ta tsofaffi. Karana da zarena suna cikin lalitata tun daga gida. Da safe na zagaya bayan gorori na naɗe mashina tam, na sauke dogon hannun riga a kai.

Jirgi ya kai mu tsakiyar mashiga da hantsi. Ganga da kuge suka tashi. Muka rufe dunƙule da tafi, muka gaida Sifu, muka gaida juna, muka haɗa gada. Wallahi tsarin nan yana da daɗi. Jirgi na tashi yana faɗuwa, ƙafafunmu a kafe, hannuwa na shiga suna fita, har na kusa manta abin da na ƙulla. Sai na ga yadda Sifu ke kallon Nomau, irin kallon da ake yi mini a dandali, abin ya dawo sabo.

A motsi na ɗari da bakwai gauraka takan buɗe fukafukai biyu, haƙarƙarinta a fili, damisa kuma ta ja da baya taki ɗaya. Nomau ya buɗe. Ni ban ja da baya ba. Na karkata na sako mashi tun daga bayan kunne, irin wanda na shekara tara ina kwantar da maza da shi.

Ashe tun haɗa gadar farko ya ji zaren a ƙarƙashin riga. Hagunsa ta sauko kamar walƙiya ta kifu a kan dunƙulena, yadda ta yi a ƙofar zaki. Damarsa tana sama a buɗe, wuyana a gabanta, bayana kuma ruwa. Sara ɗaya ya rage ya yi, kifaye su samu kalaci. Bai yi ba. Ya bar nauyin dukan ya bi ta jikinsa, na ji wani abu ya yi ƙaras a yatsunsa, gwiwarsa ta bugi katako.

Na yi tsalle na ɗaga hannu sama na fasa kirari, “Sai ni Korau na Tungar Rini, mashi mai cin ƙarfe! Ya mutu! Kowa ya gani, ya mutu!”

Ganga ta ɗauke. Na zo sauke hannu in kwance zare, sai yatsu suka ƙi buɗewa. Na ja hannun riga, na ga dunƙulen ya zama itace, jawur, har da zanen zaren a jikinsa. Ina kallo itacen ya ci wuyan hannu, ya kama damtse yana hawa. A nan na gane su wane ne mutanen zauren nan.

Sifu ta ce, “Ya kai Korau, a dandalinku ana neman wanda ya rage a tsaye. A nan ana neman wanda ya rage a cikin tsari. Hannun namu ne, da abin da ke biye da shi.” Ta ciro jar ɗamara daga hannun rigarta ta miƙa wa Nomau. “Karɓi, ya kai gauraka. Taka ce.”

Nomau bai ko dube ta ba. Ya taso ya cafke gwiwar hannuna da hagunsa, yatsu biyu a karye, ya matse. Itacen ya zo nan ya tsaya yana turawa, na ga faratansa sun fara zama jan itace. Ya ce, “Ranki ya daɗe, ɗamarar nan tawa ce, in yi yadda na so da ita?”

Ta ce, “Taka ce.”

Ya ce, “To ki ɗaure masa a nan, inda na riƙe. Inna ta haifi biyu, ba zan koma mata da ɗaya ba.”

Sifu ta ce, “In ta ɗauru a nan ba za ta kwantu ba har abada, kuma ba ta da wani amfani sai tsare wannan itace. Za ka koma kamar kowa, yaro ma ya iya kayar da kai in ya shammace ka.”

Ya ce, “Ni mai fiɗa ne, ranki ya daɗe. Kullum gwiwata a ƙasa take.”

Sai ta ɗaure. Itacen ya tsaya. Ga ɗamarar nan har yau a damtsena, abin da na haye teku bakwai ina nema, na same ta kuwa, a matsayin tsumman ɗaure ciwo.

Jirgi ya sauke mu a bakin gulbinmu da la'asar. Inna ta yi kuka ta yi guɗa ta sake yin kuka, dangi suka cika gida. Aka tuƙa tuwo, aka kawo wa maza babban akushi a zaure, kawunnanmu da manyan mahauta duk suka kewaye. Kowa ya yi bisimilla ya sa hannu. Ni na zauna ina kallon miya. Dama ta itace ce, ko loma ba ta yankawa. Hagu kuwa, a gaban dattawa, a akushin taro, ni da na fi kowa sanin hukuncinta? Na ce na ƙoshi. Cikina ya ƙaryata ni da ƙarfi, kowa ya ji.

Nomau ya dube ni. Sai ya janye damarsa daga akushi, ya share, ya maida ta bayansa. Ya sa hagu, da karyayyun yatsunta a ɗaure, ya yanko tuwo ya kai baki. Kawu Jatau ya zaro ido ya ce, “Kai Nomau! Ba a raba ka da wannan ba tun kana yaro?”

Ya ce, “Kawu, a inda muka fito haka manya ke ci. Yaya, bisimilla, kada ya huce.”

Na sa hagu. Loma ta farko ta faɗo mini a riga, ta biyu ta kai. Hawaye ya zubo mini cikin miya, ban share ba don ba ni da hannun sharewa. Na saci kallon Nomau, na ga yadda yake mulmula lomarsa sumul, ko ɗigo ba ya zuba, alhali shekara ashirin rabonsa da ci da ita.

Na ce, “Kai dai ko a nan sai ka fi ni.”

Ya turo mini tsokar da ke gabansa ya ce, “Sauke kafaɗa kaɗan, Yaya.”

Wannan karon na sauke.